Yarinyar da Ta Maƙale a Faris

A shekarun farko na mulkin farar hula, lokacin da sabbin benaye ke tsirowa a Abuja duk inda ka juya, ina aikin tafinta a wata ma'aikatar tarayya, gidana kuma yana Tungan Maje. 'Yar ƙanwata ta zo ta zauna wurinmu bayan ta samu aikin buga takardu a ma'aikatar tamu. Yarinya ce natsattsiya, matsalarta ɗaya: fara rubuta littafi. Farawar kawai. A ƙarƙashin gadonta akwai kwalin taliya cike da labaran da ta soma ta watsar. Ta bar wani da ƙafa ɗaya cikin mota, ta bar wata da baki a buɗe za ta tona asiri. Idan na yi magana sai ta ce, "Kawu, wani sabo ne ya zo mini, ya fi wancan daɗi." Amma abin yana cin ta. Ta taɓa gaya wa matata cewa burinta ta rubuta kalmar "ƙarshe" da hannunta ko sau ɗaya.

Wata doguwar motar ma'aikata ce ke kwasar mu da safe, ta bi ta Zuba ta shiga cunkoso har Sakatariya. Wata rana Madam, wata 'yar Filato mai kula da fayil, ta ga yarinyar tana rubutu a kan gwiwa, ta ce ta karanta a ji. Daga nan abin ya zama ka'ida. Muna wuce Zuba direba zai kashe rediyo.

Na shiga jirgin ƙasa a Faris, kowa da littafinsa, ba mai kallon wani. Na shiga bas a Alƙahira, ana musun ƙwallo kamar za a doku. Amma motar da ta taru a kan littafi ɗaya da ba a ma gama rubutawa ba, sai tamu.

Labarin wata 'yar attajiri ce a Maitama, gidansu har da matattakala mai tafiya da kanta. Duk motar ba wanda ya taɓa wuce ɗakin maigadi a unguwar, saboda haka ba wanda ya musa. Saurayinta ya yi fushi ya tafi Faris, ita kuma ta zari jaka a ranar ta hau jirgi ta bi shi. An kai inda ta sauka tana taku ɗai-ɗai za ta fita daga filin jirgi, sai na naɗe jaridata na ce, "Da wace biza za ta shiga?"

'Yar ƙanwata ta ɗago kai daga littafin.

"Kawu, labari ne fa."

"Na sani. Amma ba haka ake yi a can ba."

Da muka koma gida ta bincika babin baya kaf, ta tarar ba ta ba ta biza ba. Na ce ta koma ta ƙara layi ɗaya, magana ta ƙare. Ta ce, "An riga an karanta, Kawu. Mutane sun ji." Washegari akantan ma'aikatarmu, wanda ke zama bayan direba, ya goya mata baya. Ya ce abin da ya riga ya wuce ta tebur ba a gyara shi da biro, sai dai a bi hanyar da ta dace.

Haka 'yar attajiri ta zauna a filin jirgin Faris da jakarta. Motar kuwa, da yake duk ma'aikatan gwamnati ne, ta kafa kwamiti. Akanta ya ce a rubuta wa ofishin jakadanci. Wani ya ce sai an fara samun amincewar babban sakatare, aka tuna masa 'yar attajiri ba ma'aikaciya ba ce. Direba ya ce a ɗan sa wani abu a cikin fasfo a miƙa, na ce a can sai a ƙara mata da ɗauri. Madam ta juyo gaba ɗayanta.

"Oga, ka bari yarinya ya shiga mana! Faransa gonar babanka ne?"

"Madam, ni ba ni na hana ta ba."

"Kafin ka buɗe baki yana tafiya lafiya lau!"

Daga ranar ledar ƙosan da take zagayawa da ita kowace safiya ta riƙa tsallake kujerata.

Kwamiti ya yi ta zama, ba a cimma matsaya ba. Karatu ya tsaya, direba ya koma rediyo. Sai na ga 'yar ƙanwata ta sayo sabon littafin rubutu, ta soma wani labari a Dubai. Na san alamar. 'Yar attajiri ta kama hanyar kwalin taliya.

Ana cikin haka sanarwa ta fito cewa za a sayar da motocin ma'aikata, kowa ya nemi hanyarsa daga ƙarshen wata. Madam ta kama hannun yarinyar ta ce, "In ka bar mini yarinyan nan a filin jirgi, har gida zan bi ki."

Ranar wata Asabar da la'asar 'yar ƙanwata ta same ni a gindin mangwaro. "Kawu, tsakaninka da Allah, me ake yi wa wanda ya je ba biza?" Na gaya mata abin da na gani da idona lokacin da aka taɓa kira na in yi wa wani bawan Allah tafinta: ƙaramin ɗaki, kujerun roba, busasshen burodi, sai jami'i ya buga hatimi a mayar da kai a jirgi na gaba. Ta tambayi kamannin jami'in, na ce na manta. Ta daɗe tana kallo na, ta ce ba komai.

Ranar tafiyar ƙarshe motar ta cika har da waɗanda suka sayi motocin kansu. 'Yar ƙanwata ta buɗe littafi. A cikin labarin wani jami'i ya shigo: tsoho ne mai sanƙo, tabarau a kan tsinin hanci, yana jin harsuna barkatai, jarida a hammata. Ya dubi 'yar attajiri ya ce, "Ba haka ake yi a nan ba." Duk motar ta juyo kaina. Akanta ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Aka tasa ƙeyar 'yar attajiri zuwa jirgi tana kuka. Ta zauna a faffaɗar kujerar gaba, ta juya, sai ga saurayin a gefenta. Shi ma tsohon nan ne ya koro shi, tasa bizar ta ƙare. Madam ta dafa ƙirji.

Muka iso Sakatariya da sauran shafuka. Direba bai tambayi kowa ba, ya wuce ƙofar, ya shiga shataletale ya yi ta zagayawa a hankali, masu tasi suna ta yi masa ham. 'Yar attajiri da saurayinta suka yi ta gori, suka gaji, suka raba abincin jirgi. Tayar jirgi ta taɓa ƙasar Abuja. 'Yar ƙanwata ta ciro biro, ta ɗora littafin a gwiwa ta rubuta kalmar "ƙarshe" a gabanmu, motar tana karkata, rubutun ya fito a karkace. Madam ta rangaɗa guɗa. Duk mun makara aiki.

Muna sauka na gyara murya, domin ba a zaunar da wanda aka koro a kujerar gaba, can baya ake kai shi kusa da bayi. Na ce, "Sai dai abu ɗaya..." Madam ta tura mini ƙosai a baki.