Bakin Haruna Ya Fi Na Janar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Haruna makwancinsa, amma a makon nan ya hana ni sukuni. Dalili kuwa ɗana Musa ne, wanda ya ce sai ya shiga soja, don wani jawabi da ya ji a waya.

Ni da Haruna teburi ɗaya muka yi a wata jarida a Khartum, lokacin yaƙin kudu. Duk jawabin da manyan soja suka yi, mu ake turawa. Idan mun tashi, sai mu haye gada zuwa Kasuwar Umdurman, layin teloli. Dattawanmu Hausawa da suka baro gonakin yankin Jazira suna jin Larabcin kasuwa sarai, amma na manya a kan mumbari yana wuce su. Sai Haruna ya hau benci ya mayar musu da Hausa. Wallahi bakinsa ya fi na Janar ɗin da ya yi jawabin. Mutumin da ya yi awa biyu yana kame-kame, Haruna zai fito da shi kamar ya san abin da yake faɗa.

Wata rana jawabin ya yi lami ƙwarai, na zungure shi na ce, “Kai, ƙara masa gishiri mana!” Ya kuwa ƙara. Har ni da na san ƙarya ce sai da tsigar jikina ta tashi. Kafin mako ya zagayo, Sale, ɗan wani tela Baba Ɗanjuma, ya bar keken ɗinkinsa ya bi motar soja zuwa kudu. Bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba.

Baba Ɗanjuma bai taɓa zargin kowa ba. Kullum dai tambayarsa ɗaya: “Haruna, yau sun ambaci yaran?” Haruna ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba su ambata ba, Baba.” Daga nan bai sake hawa benci ba. Idan an matsa masa, yakan faɗi jawabi tsurarsa, har masu sauraro su yi hamma su watse. Ni kuwa ban taɓa cewa da hannuna a ciki ba, shi ma bai tona ni ba.

Yau da yaƙi ya shigo har cikin unguwanninmu, da Haruna yana raye me zai ce? Babu mai neman tafinta yanzu, kowane yaro da Janar ɗinsa a waya cikin aljihu.

Haruna bai bar littafi ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne faɗin magana yadda take. Jiya na zaunar da Musa na ba shi labarin Sale, har da abin da na faɗa a gefen bencin. Sai ya ce, “Ashe kai ne, Baba?” Na ce ni ne. Bai ce ya fasa ba, amma har na gama rubutun nan bai sa takalminsa ba.