Rantsuwar Baba Muftahu

Duk wanda ya taso a unguwar Maamobi ta Accra ya san Baba Muftahu, direban bas ɗin ƙungiyar ƙwallo ta Kawukudi Eagles. Gajere ne kakkaura, kullum da tsumma a aljihun baya. A Abossey Okai ya koyi kanikanci, ya ja motar haya ta trotro shekara goma tsakanin Nima da Tudu, sannan kulob ya ɗauke shi. Shekara goma sha tara ke nan yana kai 'yan wasa Tarkwa da Dormaa da Tamale yana dawo da su lafiya, amma sau ɗaya tak ya taɓa shiga fili.

A shekararsa ta farko ne, a wani gari da har yau ba ya son a ambata. Ya kulle mota ya shiga kallo, magoya bayan masu gida suka ɗura masa yashi a tanki. Kwana biyu ƙungiya ta yi a garin, koci ya zage shi tas a gaban yara. Nan take ya rantse da Allah ba zai sake barin motarsa ba muddin ana wasa, a gida ne ko a waje. Liman ya sha gaya masa cewa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma ya huta. Ina! Mutumin nan taurin kai gare shi kamar ƙusar taya. Ana buga wasa a ciki, shi yana waje a kan ɗan benci, yana goge madubin da ya riga ya goge.

Da abin ya tsaya a kansa shi kaɗai, da babu wanda zai damu. To amma autansa Abdulmajeed ya girma ya zama ɗan gaban ƙungiyar, mai lamba tara. Shekara huɗu uban yana kai ɗansa fili, ya sauke shi a ƙofa, ya koma bencinsa. Ƙwallayen da ɗan ya ci, sai dai ya gan su a wayar mutane bayan an tashi. Matarsa Hamdia, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, ta yi mita har ta gaji.

"Duk Zongo sun ga ɗanka yana wasa, har mai gyaran takalmi," in ji ta. "Kai ka auri mota."

Abin yana cin sa, kuma ta sani.

Kakar bara Eagles suka shiga gasar Afirka karon farko, saboda sun ci kofin ƙasa. Lig ɗin gida kuwa ba a cewa komai: canjaras da ƙananan ƙungiyoyi, shan kashi a Kumasi, suna ta lilo a tsakiyar tebur. A Afirka ne suka ba mutane mamaki. Zagayen farko da wata ƙungiyar Togo ne, Baba Muftahu ya kai su Lome ta Aflao, ya tsare mota a waje, suka wuce. Zagaye na biyu ma suka wuce, suka shiga rukuni. Kafin wasan ƙarshe na rukuni sai labari ya fito cewa wani kulob a Turai ya sayi Abdulmajeed. Wasan Yamai shi ne na ƙarshe da zai buga da rigar Eagles, kuma sai sun ci za su tsallake.

Yamai da jirgi ake zuwa, masu gida ne ke bayar da mota. Ɗan ne ya fara lura da abin da hakan ke nufi. Ya je wurin shugaban kulob ya roƙa wa ubansa kujera, sannan ya zo gida da tikiti.

"Baba, rantsuwarka a kan motarka ne. Can babu motarka."

Tsohon ya juya maganar, ya kai wa liman, liman ya ce gaskiyar yaro. Aka ɗinka masa sabuwar shadda ruwan toka. Hamdia ta cika masa kwalba da yajin shito, ta ce ya kalli wasan da ido biyu, ɗaya nasa ɗaya nata.

Direban da ya ɗauke su a Yamai wani dogon saurayi ne mai suna Zulkarnaini. Baba Muftahu ya zauna kusa da shi, ba a yi tafiyar minti biyar ba ya fara koya masa sa giya. Saurayin yana ta dariyar Hausar Accra, shi kuma yana ce masa Hausarsa ta yi nauyi kamar ta mai karanta labarai. Suka saba nan da nan.

An sa wasa ƙarfe huɗu. 'Yan wasa suka sauka, suka bar jakunkunan tafiya a mota da fasfo a ciki, don daga fili filin jirgi za a wuce. Kuma haka suka saba, shekara da shekaru ba su taɓa tunanin abin da suka bari a mota ba. Abdulmajeed ya nuna wa ubansa ƙofar da zai bi, ya gaya masa kujerarsa tana layin farko, daidai bayan bencin 'yan canji.

Baba Muftahu ya yi La'asar ɗinsa a gefen mota, ya gyara hula zai tafi, sai Zulkarnaini ya tare shi.

"Baba, don Allah riƙe mini mota in yi salla. Ƙofar ba ta kulluwa."

Wa zai hana mutum salla? Ya ce ya yi maza. Minti goma, minti ashirin, aka busa usur a ciki. Saurayin ya yi sallarsa, ya bi ta ƙofar ma'aikata ya shige kallo abinsa. Tsohon ya dubi ƙofar fili, ya dubi ƙofar motar da ke lilo, ya dubi masu kai-kawo a wurin, babu wanda ya sani a cikinsu. Babu rantsuwa a kansa. Tikiti yana hannunsa. Ya taka har bakin ƙofa, mai gadi ya miƙa hannu zai karɓa, sai ya tuna fasfo talatin da biyu, ya juyo. Ya zauna a matakalar motar da ba tasa ba, cikin sabuwar shadda, ransa a ɓace ƙwarai.

Masu gida suka ci ɗaya kafin hutu, fili ya ɗauka da ihu. Can wajen ƙarshen wasa sai ihun ya yanke ɗif, ya gane nasu ne suka rama. Aka tashi ɗaya da ɗaya, Eagles suka fita daga gasar.

Zulkarnaini ya rigayi kowa fitowa, yana haki yana ba da haƙuri, wai minti biyar ya yi niyya. Baba Muftahu ko kallonsa bai yi ba. 'Yan wasa suka fito jiki a sanyaye, Abdulmajeed a ƙarshe, ƙwallo a hammata. Ya tsaya a gaban ubansa.

"Ni na ci, Baba. Da ka na sa ta. Na ruga har layin farko, na tsallake allon talla, alƙali ya ba ni kati. Kujera ce kawai a wurin."

 Tsohon ya tashi daga matakalar ya ba su hanya.

"Kowa ya duba jakarsa," ya ce.

Suka duba, babu abin da ya ɓata. Bayan kwana tara shi ya kai ɗansa filin jirgi da kansa zai tafi Turai, ya sauke shi a ƙofa.