Wurin Baba kusa da takalma

A watan nan Baba, Alhaji Mudi, ya cika shekara takwas da rasuwa. Da yana nan zai gyara mini lissafi ya ce zango biyu ke nan cif, don da zangon shugaban ƙasa yake auna komai tunda muka yi ƙaura ƙasar waje ya zauna a birnin Greensboro. Allah ya jiƙansa. Bana tuna shi ya zo mini da fargaba, kuma zan faɗi dalili.

Farkon zamanmu a unguwar Glenwood, kakar zaɓe ta same shi bai san kanta ba. Masu yaƙin neman zaɓe suka ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo da su ya ba su shayi, suka nemi kafa allon ɗan takararsu a ƙofar gida ya ce bismillah. Kashegari 'yan ɗaya jam'iyyar suka zo, su ma ya ce bismillah, don a wurinsa ba a mayar da baƙo. Haka alluna biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan ciyawarmu, ɗaliban da ke haya a layin suna wucewa suna dariya. Ni kunya ta hana ni fita.

Daga baya ya laƙanci abin fiye da mu da muka yi makaranta a nan. Yana tuƙa tasi, rediyo na kunne. Shi ya koya mini cewa kowace jam'iyya sai ta yi zaɓen fid da gwani jiha bayan jiha, kuma ba yawan ƙuri'un ƙasa ke ba da kujera ba, wakilan jihohi ne. Shi ya sa 'yan takara ba sa barin jiharmu ta huta, tunda ba ta da tabbas. Duk wannan hayaniya bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Abu ɗaya ne ya kama zuciyarsa: tsarin mulki ya ce sau biyu kawai ake zaɓen mutum, ko da kowa na sonsa.

Ranar rantsarwa a watan Janairu ba ya fita aiki. Kowa na kallon sabon shugaba, shi yana jiran a nuna tsohon yana hawa jirgi mai saukar ungulu. Ya taso yana jin kiɗan soja a rediyo da safe, don haka ganin mai mulki ya tafi da ƙafarsa yakan sa idonsa ya kawo ruwa. Yakan ce, "Hajara, mai fita za ki kalla. Shiga kowa ya iya."

Da Hausawan garin nan suka kafa ƙungiya, 'yan Najeriya da 'yan zangon Gana, shi ya dage a sa wannan doka ta zango biyu. Shi ne shugaban farko, shi ta fara ci. Aka roƙe shi ya zarce, ya miƙa makullin zauren taro, ya koma can baya kusa da takalma. Har ya rasu nan ne wurinsa, yana jera wa mutane takalmansu.

Bayan rasuwarsa aka zaɓi babban ɗansa, Yaya Sani. Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. A hannunsa aka fara maganar filin maƙabarta wajen Pleasant Garden, kuma ba ta ƙare ba. Yanzu wa'adinsa ya cika, masoyansa sun kawo shawarar a cire dokar. Ranar Lahadi za a yanke, kuma mu ba mu da akwati da labule, hannu ake ɗagawa kowa na kallon kowa.

Na same shi a gidansa na unguwar Sedgefield. Ya ce, "Project ɗin nan idan na sake shi zai mutu. One more term ne kawai, ƙarin zango ɗaya. Ke ma sai ki kunyata ni a gaban mutane?" Ni dai ban san ko aikin zai mutu ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne.

Me Baba zai ce? A ƙasar ma yanzu ana jin ana wasa da maganar zango na uku, kuma na tabbata da yana nan da ya kashe rediyon. Amma wannan ɗansa ne, kuma filin da za a binne mu ne. Ina tsoron in ɗaga hannu a bar dokar, in rasa yayana. Ina tsoron in sauke shi, 'yan Gana su ce ashe dokar ta baƙi ce, ɗan gida ba ta hawa kansa, su ja jikinsu.

Baba bai bar gida ba, bai bar fili ba, dokar nan ya bari. Jiya na kai wa Mama kukana ina jiran ta ce in bi yayana. Sai ta ce, "Ki ɗaga hannunki. Amma ki je da wuri ki zauna can baya wajen takalma, ki kama wa yayanki wuri kusa da ke. In ya sauko, kada ya rasa inda zai zauna."