Ramla, Wadda Ta Yi Jinyata da Japananci

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ramla Sulaiman, ɗiyar ƙanwata Safinatu, a Shagari, bayan gajeriyar jinya ta ciwon sanƙarau. Ɗana Aminu ne ya shigo ya faɗa mini. Ina zaune a zaure, rediyo na magana. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sannan na ce ya miƙo mini ruwa. Na sha. Har yau da nake wannan rubutu da hannun hagu ban yi kuka ba, ban kuwa san dalili ba.

Ramla, ba ni ne ya kamata in yi miki wannan rubutu ba.

Lokacin da ɓarin jikina na dama ya shanye, matata ta riga ta rasu, gidan daga ni sai Aminu. Ke kuma kina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a nan Bodinga. Ba wanda ya ce ki zo. Kika ɗauko jakarki kika tare a ɗakin marigayiya, kika raba aikin tsakaninki da Aminu: wanka da kai ni bayi nasa ne, sauran duk naki.

A lokacin mijinki Kamal yana Japan, yana ƙaro karatun likitancin dabbobi. Ya gama shirin ki bi shi, har ya gano miki hanyar aiki a gidan kula da tsofaffi idan kika iya yaren. Kika ce masa ya dakata. Na ji ki da kunnena kina faɗa masa a waya: "Sai na ga Kawu ya taka masallaci da ƙafarsa." Na yi faɗa, da bakina da ya karkace, na ce ki tafi wurin mijinki. Kika yi kamar ba ki gane abin da nake cewa ba, alhali a gidan nan ke kaɗai ce ke gane maganata.

Darasinki ta waya kike ɗauka. Malamarki ta ce miki a can ba a taɓa tsoho sai an sanar da shi abin da za a yi masa. To, ga tsoho a gida. A kaina kika koyi yaren.

Da safe za ki shigo da sallama, ki nufi taga, ki ce: "Akaruku shimasu." Wato zan haskaka ɗakin. Ki ɗaga kaina ki ƙara matashi, ki ce: "Takaku shimasu." Idan aka kawo tuwon dawa, da yake haɗiya tana ba ni wuya, sai ki zauna ki dama shi da miya har ya zama kamar kunu, kina cewa: "Yawarakaku shimasu." Wannan kalma ta daɗe tana harɗe miki harshe. Ni da nake kwance ba ni da aikin yi na riga ki iya ta, kika ji haushi.

Na yi rayuwata ina koyar da nahawun Hausa a makarantun Bodinga da Shagari, saboda haka ban iya jin abu yana maimaita kansa in yi shiru ba. Wata rana na tambaye ki mene ne wannan "ku" da ke manne a kowace kalma. Kika ajiye cokali kika yi mini bayani. Sifa ce, kika ce. "Takai" mai tsawo, "yawarakai" mai laushi. In kana so ka ce kai ne za ka mayar da abu haka, sai ka cire "i" ɗin ƙarshe ka sa "ku", ka bi shi da "shimasu", wato yi. Akwai kuma wasu sifofin da ba su karɓar "ku", sai "ni". Shi ya sa in yaran unguwa suka dame ni da ƙwallo kike leƙawa ki ce musu "shizuka ni shite", wato su yi shiru, su watse suna dariya.

Na ce miki ai mu ma muna da shi. Taushi, tausasa. Faɗi, faɗaɗa. Zafi, zafafa. Sanyi, sanyaya. Sauƙi, sauƙaƙa. Kika zuba mini ido, kika ce, "Kawu, wallahi tun da nika Hausa ban taɓa lura ba." Daga ranar, kowace kalma kika kawo sai na nemo mata 'yar'uwa. Ban gane ba sai daga baya cewa da gangan kike ja na da surutu don harshena ya saki. Ya kuwa saki. Ranar da na kama ki da kuskure, na ce ai "kirei", mai tsafta, da "i" ta ƙare, don me kike cewa "kirei ni shimasu" in za ki share ɗaki, kika ce malamarki ta ce haka nan take, ba ta bin doka. Na ce ashe su ma suna da 'yan tawaye. Ranar ce na fara dariya tun da na kwanta.

Sau ɗaya muka ɓata. Na gaji da motsa ƙafar da kike sa ni, na ce a bar ni, in Allah Ya so za ta yi ƙarfi. Ba ki ɗaga murya ba. Kika durƙusa kika kama ƙafar, kika ce, "Kawu, in abu zai canza da kansa, 'narimasu' suka cewa. In mutum zai canza shi, 'shimasu'. Warkewa ta Allah ce, ban musa ba. Amma wagga ƙafa, yau tsuyoku shimasu." Wato za mu ƙarfafa ta. Na kawar da kai na bar ki kika yi aikinki.

A goman ƙarshe na azumin bana na taka masallacin unguwa da sanda, Aminu na biye da ni. Da na dawo na same ki a bakin zaure riƙe da waya, kin riga kin faɗa wa Kamal. Bayan Sallah aka sa lokacin tafiya. Kika ce bari ki je Shagari ki yi wa mahaifiyarki kwana biyu ki yi sallama da dangi har na Lambara. Kika jera mini magunguna, kika nuna wa Aminu yadda ake dama tuwon. A can ciwon kai ya kama ki.

Na san da kin tafi tun lokacin da Kamal ya kira ki, da zafin bana bai same ki a nan ba. Na san kuma kwana in ya ƙare ba ya tambayar gari. Duka biyun ina juya su a raina, ba wanda ya motsa ni.

An kai ni Shagari a mota, na yi miki salla a zaune. Kamal bai samu jana'iza ba. Ya kira ni, muka gaisa, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har layin ya yanke.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Safinatu ta matso kusa da kujerata. Ta ce, "Yaya, ina son in tambai ka. Da zazzaɓin ya hau kanta, kafin mu kai ta asibiti, ta yi ta faɗin wata magana da ban gane ba. Kuraku, kuraku shite. Na ɗauka kura taka gani, na yi ta tofa mata addu'a. Kai da ka zauna da ita, mi taka nufi?"

Na san kalmar. Da ita kike rufe mini labule in zan yi barcin rana. Na ce, "Cewa take a rage haske. Ciwon nan ba ya son haske a ido."

Safinatu ta ce, "Ni ko na buɗe taga duka, don ta sha iska." Na ce mata ba tagar ce ta kashe ki ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce ta sani. Ta tashi ta shiga ciki, don wasu mata sun zo gaisuwa.

Ya Allah, ga baiwarKa Ramla. Na shaida ta tsare salla, ta riƙe zumunci, ta jinkirta jin daɗinta saboda wani. Ka gafarta mata, Ka yalwata makwancinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka haɗa ta da mahaifinta Malam Sulaiman a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Safinatu, da Kamal da iyayensa, da abokan aikinta, da dangi na Shagari da Lambara da Bodinga. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Masu zuwa gaishe ni kuma su yi mini uzuri in sun ga ina kallonsu ban ce komai ba. Ina jin ku. Amsar ce ba ta zo ba tukuna.

Malam Ubaidullahi, Bodinga