Wayar da Mushe Direkta ya yanke a Gazawa

A shekarar riƙon ƙwarya, sojoji na shirin miƙa mulki, ni ke kula da sarba ta wata ƙungiyar manoma a Gazawa, wato babbar ordinatar da sauran na buro suka dogara a kanta. Ina zaune a Maradi. Duk ranar da kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, sai ta maƙale wajen tashi, sai in shiga taksi, a matse ni tsakanin buhunan wake, in je in danna madanni guda in juyo.

Da na gaji sai na gyara ɗan shirin da ke tada ta. Na buɗe shi, na umarce shi ya daina zuba rubutunsa a allon da ke gabanta, ya riƙa tura shi ta wata tsohuwar kafa mai ƙananan haƙora da ke bayanta. Na daidaita gudun saƙon a ɓangarorin biyu, don in suka saɓa shirme kawai ke fitowa. Daga kafar na ja waya zuwa wani ɗan akwati mai haɗe da layin tarho. Daga nan, ina Maradi ina ganin tashinta, in ta tsaya in tura ta gaba.

Direktan buron, da muke kira Mushe Direkta irin na Faransanci, mutum ne da bai taɓa riƙe ra'ayi ya kwana biyu ba. Kafin juyin mulki hoton tsohon shugaba ne a bangonsa. Da safiyar juyin ya cusa shi bayan almari, ya fara kiran sojoji 'yan'uwa. Da zaɓe ya matso kuma, sai ya tuna shi ɗan gwagwarmaya ne tun fil azal.

Ya iske ni ina ɗaure wayar.

"Mi ke nan, Malam? Allon ya yi baƙi."

"Rubutun ya koma ta wagga waya, Mushe Direkta. Daga Maradi zan riƙa gani."

"Daga Maradi," ya maimaita, yana gyaɗa kai kamar wanda ya fahimta.

Abin da ya kai wa 'yan sabuwar jam'iyyarsa shi ne, an dasa na'urar saurare a buro. Ya tara su a ɗan ɗakin da ko mutum uku ba ya ɗauka, ya yi jawabi kan 'yanci, ya sa almakashi ya datse wayar. Matar da ke buga musu takardu ce ta ba ni labari. Ta ce har tafi aka yi, ya ɗaga guntun sama kamar kan maciji.

Ba a jima ba kuran ya ɗauke. Ordinata ta tsaya, allo baƙi, aiki ya tsaya. Ya buga mini tarho da wata murya mai laushi.

"Ɗan'uwa, abin nan ya lalace da kansa. Ina jin ɓera ne."

Na je. Yankan ya fita sumul, ba alamar haƙori. Na sa sabuwar waya, yana tsaye a kaina yana tambaya ko za a iya ɓoye ta bayan tebur, kar mutanensa su gani. Na ɓoye ta. Bai kai a ɓata masa yawu ba.

Bayan zaɓe aka ba shi muƙami a Maradi. Na taɓa jin sa a wajen wani suna yana ba da labarin yadda ya kama 'yan leƙen asiri da hannunsa. Yanzu a labarin nasa har da jandarmomi biyu da mota marar lamba.