Injin Sabi'u Mai Gajeriyar Ƙafa

Jama'a, yau ƙanin matata ya mai da ni buhun siminti a tsakiyar ruwa, kuma kada wanda ya ba ni haƙuri.

Ƙanin nata Sabi'u ne ya sayi ɗan tsohon jirgin ruwa, irin mai zanen nan da iska ke turawa. Da safe ya kira ni: "Yaya, zo mu sha iska." Na ajiye tasi, na saka sabuwar shaddata, na taso daga unguwarmu Soundview har bakin teku a City Island.

Muna fita iska ta ɗauke. Ya tayar da injin da ya maƙala a baya. Wani ƙaton jirgi ya wuce, igiyar ruwa ta ɗaga mu, injin ya kwarma ihu. Na leƙa, farfela na juyawa a sama, ba ta taɓa ruwa. Ga ruwa yana jan mu wajen duwatsu. Ni ko iyo ban iya ba.

Na ce, "Sabi'u, mene ne haka?"

Ya ce, "Mai shago ya ce jirgin nan sai inji mai doguwar ƙafa, wanda farfelarsa ke nitsewa sosai, amma gajeren ya fi sauƙin ɗauka. Yaya, koma can baya ka zauna."

Na koma. Nauyina ya danne bayan jirgi, farfela ta kama ruwa. Haka na daskare har gaɓa, hayaƙi a hanci, ruwan gishiri a shadda.

Da muka sauka na ce, "Da ban zo ba fa?"

Ko kunya babu ya ce, "Ai ba na fita sai da mai jiki. Da Alhaji Bala nake ɗauka, to ya fara rage tumbi."

Duk mai ƙiba a group ɗin nan, in Sabi'u ya kira ka shan iska, kashe waya.