Bugun Tsakiyar Warrick Pascoe

Duk mai zuwa kallon ƙwallo a gasar jiha nan Adelaide ya san Warrick Pascoe, ko bai san sunansa ba, domin da wuya a ce bai taɓa zaginsa ba. Alƙalin wasa ne. Dogo ne siriri, kunnuwa a baje, kullum da fenti a ƙarƙashin faratansa, don daga Litinin zuwa Juma'a fentin gidajen mutane yake yi. Ran Asabar sai ya rataya usur ya shiga fili, mutanen da ya gyara wa kicin ran Laraba su miƙe tsaye suna ce masa tsutsa. Haka muke kiran alƙalan wasa tun zamanin kakanni, kuma har yau ban ga wanda ya ji kunyar hakan ba.

Abu ɗaya Warrick yake so a duniya: ya hura usur a gasar ƙasa. Can alƙali jirgi yake hawa, akwai mai matsa masa jiki, akwai mai miƙo masa ruwa, filin kuma cike yake har sama. Nan jiha kuwa a wani ɗan ɗaki kusa da banɗaki suke sauya kaya, hayaƙin albasa da nama daga rumfar masu gashi yana shigo musu ta taga. Daga filayen unguwa zuwa babban filin da ke bakin kogi, inda ake buga gasar ƙasa, in a mota ne, shayinka ba zai huce ba ka isa. Warrick ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wannan 'yar tafiya.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai, wata rana bayan atisaye, Kel Doolan ya kira shi gefe. Doolan shi ne kocin alƙalan jiha, tsoho mai tumbi, taba ta cinye masa rabin murya.

"Zo nan, mai kunne. Mutanen sama, na gasar ƙasa, sun zo sun kalle ka."

"Suka ce me, Koci?"

"Sun ce idonka ya fi na kowa. Gudu kuma sai ka ce kare ya biyo ka."

"Amma fa?"

"Wa ya ce maka akwai amma?"

"Fuskarka ce ta faɗa."

Doolan ya yi tsaki. "Bugun tsakiyarka ne. Sun ce kana buga ƙwallo kamar mai yar da ruɓaɓɓiyar kabewa. Gyara wannan kawai, yaro, ka ga yadda za su zo su ɗauke ka da hannu biyu."

Bugun tsakiya shi ne abin da alƙali ke buɗe wasa da shi, da kuma duk lokacin da aka ci. Ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, ya taka gaba, ya sunkuya ya maka ta da ƙasa, ta tashi sama sak, dogayen 'yan wasa biyu su yi tsalle kowa yana neman ya riga taɓa ta. Ita kuwa ƙwallonmu siffar ƙwai ce da ita, ba ta da alƙawari. In ta karkace ta fice daga da'ira, dole ka hura usur, ka je ka karɓo ta, ka jefa ta sama da hannu, 'yan kallo suna yi maka ihu. Abin ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido biyu, ba shi da wata alaƙa da sanin laifi ko adalci, amma a wancan lokacin babu mai hawa sama sai ya iya shi.

Warrick ya ɗauki maganar Doolan da zafi. Ya cika bayan a-kori-kurarsa da ƙwallaye, tsakanin gwangwanayen fenti da tsani. Da ya tashi daga aiki sai filin makarantar bayan gidansu, ya yi ta bugawa har rana ta faɗi. Matarsa Renae, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi, takan biyo ta wajen a hanyarta ta dawowa, ta jingina da wayar shinge tana kallonsa.

"Waz, me ƙasar nan ta yi maka ne? Kullum sai ka dake ta."

"Saura kaɗan in kama shi."

"Jiya ma saura kaɗan ne. Ka zo mu tafi, dare ya yi."

Ga inda ƙaddara ta yi masa wayo. Filayen gasar jiha da rani filayen wani wasa ne da ake kira kurket, tsakiyarsu baƙar laka ce. Da damina ta kankama sai wajen ya koma kamar kunu. A irin wannan rana an yarda alƙali ya jefa ƙwallo sama kawai, kuma kowa haka yake yi, ya huta. Ban da Warrick. Shi a tunaninsa ko yaushe akwai wani daga sama a cikin 'yan kallo, in ya gan shi yana jefawa zai ce tsoro ne. Saboda haka ya koyi bugu a cikin taɓo, da dukan ƙarfinsa, tun daga kafaɗa, har ƙwallo ta yarda ta tashi daga inda ba a tashi. Ya yi shekaru yana haka, yana fitowa daga fili da laka har cikin kunne, yana jin daɗin kansa.

Aka ba shi gwaji, sau ɗaya. Wasan share fage ne na manyan ƙungiyoyi, ƙarshen rani, a babban filin bakin kogi. Renae ta ɗauki hutu ta zo. Ciyawar wajen shar take, an aske ta kamar darduma, ƙasanta kuma tauri kamar daɓe. Warrick bai taɓa taka irinta ba. Ya ɗaga ƙwallo, jikinsa ya yi abin da ya saba yi a taɓo, ya sake mata ƙarfi. Ta yi wani irin tashi, ta haye kan dogayen nan ta faɗa can gefe. Ya hura usur ya je ya karɓo. Aka ci, ya sake bugawa, ta tafi ɗaya gefen. A na uku ya rage ƙarfi, ta tashi iya ƙirji.

Ɗaya daga cikin dogayen, wani ƙato mai gemu, ya dube shi ya ce, "Mutumina, mu fa nan tsakiya muke. In ka gama rabon ƙwallo ga 'yan kallo, ka tuna da mu."

Duk hukuncin da ya yanke a ranar daidai ne, har na wuyar ma. Babu wanda ya tuna da ko ɗaya. A mota Renae ta ɗora hannu a gwiwarsa har suka isa gida.

Mai hankali da nan ya tsaya. Warrick ba shi da irin wannan hankali, kuma ni ban iya ganin laifinsa ba, domin an ce masa abu ɗaya ne ya rage, kuma gaskiya aka faɗa masa. Ya koma daga farko. Ya yi ta bin filaye masu tauri da masu laushi, yana taka tsakiya da dunduniya kafin wasa ya ji irin ƙasar. Shekara ta bi shekara. Yaran da ya koya wa riƙe usur suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, yana ganinsu a talabijin. Kafaɗar dama ta fara ciwo, aka yi mata allura, ta lafa, ta dawo, aka sake. Har ta kai fentin silin ya fi ƙarfinsa, sai da ya ɗauki abokin aiki yana yi masa sama, shi yana bin bango daga ƙasa. Ƙafafun nan da ake kwatance da su suka fara nauyi, wasa ya tsere masa sai ya bi shi da ido.

Wata safiya Renae tana taya shi zura hannu a riga, ta ce, "Tsofaffin da nake yi wa wannan a wajen aiki sun haura tamanin. Kai ko arba'in ba ka kai ba."

"Bana ce kawai, Ren."

"Bana ta nawa ke nan? Ni ba na hana ka ba ne. Tsoro nake ji, ranar da abin nan zai ƙare ban san wa zai rage mini ba."

Abin haushin shi ne, a shekarar bugun ya zo. Ya zo cikakke. Taɓo ko tauri, iska ko ruwa, Warrick ya sunkuya, ƙwallo ta miƙe sama kamar an ja ta da zare, ta tsaya ɗan cak, ta sauko daidai tsakanin hannaye. Kakar wasa guda cur bai karɓo ko ɗaya ba. Wata tsohuwa mai bargo a cinya, wadda ta shekara goma tana zaginsa, ta ɗaga murya wata Asabar ta ce, "Kai tsutsa, wannan dai ya yi kyau!" Aka ba shi wasan ƙarshe na jiha. Bayan an tashi Doolan ya rungume shi ta ɓangaren hagu, don ya san halin da kafaɗar dama take ciki.

"Sama suna cikin matsala, yaro. Yaransu duk ba su iya bugu ba, kullum sai an yi musu dariya. A ƙasar nan kaf babu kamarka. Wannan karon ko ba sa so sai sun kira."

Ba a yi wata guda ba, Warrick yana durƙushe yana fentin katangar wani gida, rediyon mota a kunne, ya ji labari. Gasar ƙasa ta soke bugun tsakiya. Daga baɗi jefawa sama za a riƙa yi. Mai magana ya ce abin yana lalata kafaɗun alƙalai, yana kuma tare wa ƙwararru hanya. Warrick ya gama layin da yake kai, ya wanke buroshi, ya rufe gwangwani, ya tuƙa zuwa gidan Doolan. Ya same shi a bayan gida yana ba tumatir ruwa.

"Ka ji?"

"Na ji."

"To yanzu babu abin da ya tare ni ke nan, Koci. Ko ba haka ba? Dama shi ne kaɗai."

Doolan ya ajiye tiyo. "Na yi magana da su da safe. Sun ce tunda bugu ya fita, yanzu mai ido suke nema, mai ƙafa, ɗan ashirin da wani abu. Wanda zai yi musu shekara goma sha."

"Wato ni, lokacin da ka kira ni gefe."

"Kai ɗin, sak. Da yau ne, da gobe kana jirgi."

Warrick ya juya ya nufi motarsa. Ba fushi ba ne, da fushi ne da sauƙi, ka samu wanda za ka zaga. Babu wanda ya cuce shi. An nemi abu, ya kawo, ya tarar an tashi.

Amma sun kira shi. Bayan mako biyu wata mata mai fara'a ta bugo daga ofishin gasar, ta ce ana shirya ɗan fim na ban kwana da bugun tsakiya, an tambaya an ce babu wanda ya kai shi, ko zai zo babban fili ran Talata da hantsi? Renae ta ce kada ya je. Ya goge takalmansa ya tafi.

Suka ba shi rigar alƙalan gasar ƙasa, sabuwa dal, aro, an manna takarda a wuya don kada a manta a karɓa. Filin wayam, kujeru har sama babu kowa, sai tsuntsayen teku suna kiwo a gefe, da wani mai ɗaukar hoto yana cin burodi da hannu ɗaya.

"Baba, ka tsaya can cikin da'ira. Ka yi dai yadda kuke yi ɗin nan. Ni ban san ƙwallo ba sosai."

Warrick ya shiga tsakiya. Ya ɗaga hannu, kafaɗar ta soke shi har cikin haƙori, ya taka, ya sunkuya, ya buga. Ƙwallo ta tashi sak, tana juyawa a hankali cikin rana, mafi kyan bugun da aka taɓa yi a wannan fili, in ka tambaye ni. Ya ja da baya da sauri don ya ba masu tsalle wuri, usur a baki, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Babu mai tsalle. Ta sauko ta daki ciyawa, ta yi 'yan tsalle-tsallenta na ƙwai, ta gangara ta kwanta.

"Ya yi, Baba, ɗaya ma ya isa," in ji mai hoton, yana naɗe waya. "Rigar kuma ka bar ta a bakin ƙofa."

Cire ta ne ya gagara. Hannun daman ya ƙi ɗaguwa, ya tsaya shi kaɗai a ɗakin sauya kaya, riga ta maƙale masa a ka, sai da mai shara ya zo wucewa ya ja masa ita.